Ludayin Farko Na Ƙasa Ne

Shafi na 8

Ku yi haƙuri 'ya'yan nan, duk na ga ƙorafinku, har da mai cewa na bar Labo a ƙofar zaure kamar takalmin baƙo. Wanda bai ga na baya ba ya matso in gutsura masa. Zamanin da ne, tun jirgin ƙasa bai san hanyar Funtuwa ba. Labo ɗan Maguzawa ne daga wata unguwa bayan Dayi. Ya musulunta a hannun wani tsoho, Malam Sada, wanda ya kafa bukka a gefen gonarsu, shi ya raɗa masa Abubakar, a wurinsa kuma ya yi sauka. Da tsohon ya rasu, Labo ya jira aka gama girbi, ya sulale ba sallama, ya nufi Danja wurin Malam Aƙilu neman ilmi. A hanya ya ji yadda masu zuwa karatu irinsa ke yi wa Maguzawa dariya, shi ya sa jiya da aka tambaye shi a bakin ƙofa ya ce shi ɗan Malam Sada ne na cikinsa.

To yau ce ranar tambaya.

Hantsi ya ɗaga, zaure ya cika. Tsofaffin ɗalibai sun jeru jikin bango, sababbi suna tsakiya a kan tabarma, kowa ya tanƙwashe ƙafa. Malam Aƙilu yana kan buzunsa, farin gemu har ƙirji, tasbaha a hannu.

Al'adarsa ce, duk wanda ya zo bayan kaka, ba a buɗe masa ko shafi ɗaya sai ya faɗi asalinsa, da abin da ya yarda da shi, da abin da ya zo nema. Yakan ce ba a zuba iri sai an san ƙasa.

"Kai mai shuɗin hannu, matso."

Wani gajere mai faɗin kafaɗa ya ja gindi ya matsa.

"Allah gafarta Malam, Mudi ne sunana, daga Maska. Ubana marini ne, kakana ma..."

"Ba sai ka faɗa ba, ai hannunka ya riga ka gaisuwa."

Zaure ya ɗauki dariya. Mudi ya cusa hannuwan a hammata.

"Me ka yarda da shi, Mudi?"

"Allah ɗaya ne, ba Shi da abokin tarayya, Annabi kuma gaskiya ne. Sauran kuwa, Allah gafarta, abin da limaminmu ya faɗa, shi ke nan."

"In liman ya yi kuskure fa?"

Mudi ya sosa ƙeya.

"Sai mu yi kuskuren tare, Malam."

Har Malam sai da ya rufe baki da gefen rawani.

"To me ya kawo ka?"

"Tsarki, Malam. A karofinmu an rabu biyu. Wasu sun ce shuni in ya kama fata alwala ba ta shiga, wasu sun ce tana shiga. Akwai baffana, kullum sai ya kankare hannu da dutse har jini kafin ya yi salla. Ina so in koma da magana ɗaya, tsoho ya huta."

"Za ka koma da ita, in Allah Ya yarda. Koma ka zauna. Kai mai kore, taso."

Wannan shi ne Bature, ɗan wani attajirin gishiri na cikin Dayi. Rigarsa sai ƙyalli take, bugun jiya. Tun kafin a tambaye shi ya fara jero kakanni, wane ya haifi wane, har Malam ya ɗaga hannu.

"Ya isa, kar ka kai mu jirgin Annabi Nuhu. Me ka yarda da shi?"

Bature ya gyara murya, ya zubo siffofin Ubangiji da Larabci a jere, ba numfashi, kamar mai tsoron a ƙwace masa.

"Madalla. Ta ukun nan me take nufi da Hausa?"

Bature ya gyara wuyan rigarsa.

"Allah gafarta Malam, ba mu kai wurin fassara ba."

"To ai shi ya sa ka zo. Wane fanni kake so?"

"Rabon gado, Malam. Ina so in zauna kusa da alƙali."

"Kusa da shi, ko a kan buzunsa?"

"Duk inda Allah Ya ajiye bawa."

"Uhm. Allah Ya ajiye ka inda ba za ka cuci maraya ba."

Bature ya koma wurinsa, amma kafin ya zauna sai da ya sake yi wa Labo kallon nan da yake masa tun a hanya. Kallon mutumin da ya ga akuya a kasuwa yana tunanin a garken wa ya taɓa ganinta.

Labo kuwa, bayin Allah, gumi ya riga ya jiƙa masa baya. Tun asuba yake tsaron kansa kamar mai tafiya da ƙwai a ka. Yadda zai gaisa, yadda zai zauna, da wace ƙafa zai shiga zaure, duk ya auna. Karatu yake so, wallahi yana so, irin son da mai ƙishi ke yi wa randa. Shi dai a bar shi a kan tabarmar nan, ko a can ƙarshe kusa da takalma.

"Abubakar."

Muryar Malam ta canza, ta yi laushi.

"Matso nan kusa da ni. A'a, nan, gefen buzu."

Labo ya matsa.

"Ni na ji jiya, amma faɗa abokanka su ji. Kai ɗan wa ne?"

Kun san ƙarya, ranar farko nauyi gare ta, rana ta biyu kuwa ita ke riƙe da kai.

"Ɗan Malam Sada ne, Allah gafarta."

"Allahu akbar." Malam ya dubi ɗalibansa. "Ku ba ku san Sada ba. Ni da shi tabarma ɗaya muka kwana a kai muna samari, gora ɗaya muke alwala da ita. Shi ba ya zama wuri guda, ƙafarsa ƙaiƙayi take. Ya tafi yawonsa, ban ƙara sa shi a ido ba, ban san ya yi iyali ba balle haihuwa. Ashe Allah Ya ajiye mini sanyin ido."

Ya share gefen idonsa da babban yatsa.

"Me ka yarda da shi, ɗana?"

Nan kam Labo bai buƙaci ƙarya ba.

"Na yarda da Allah da ManzonSa. Na kuma yarda Wanda ke ta da ƙwayar dawa bayan ta ruɓe a ƙasa, Shi zai ta da ni."

"Kun ji? Bakin Sada ke nan sak!"

Labo ya sunkuyar da kai. Ba a bakin Malam Sada ya ji ba. A kunyar gona ya gani, yana bin bayan ubansa da ƙwaryar iri.

"Me ka zo nema?"

"Ina so in san haƙƙin iyaye a kan ɗa."

"Ai naka ya rasu, abin da ya rage masa a kanka addu'a ce."

"Har da... har da iyayen da ba sa salla, Malam. Ina so in san abin da ɗansu zai yi musu."

Bature ya ɗago kai.

Malam kuwa gyaɗa nasa ya yi.

"Na ji an ce cikin Maguzawa Sada ya ƙare kwanansa, dole ka ga irin wannan. Babi ne mai faɗi, za mu zo kansa. Amma tukuna."

Ya dafa bango ya miƙe. Ɗalibai suka zabura za su taimaka, ya hana. Da kansa ya sauko da wata tsohuwar gafaka daga maratayi, jakar fata ce ta littattafai, ta yi baƙi don daɗewa. Ya hure ta, ya shafa.

"Ku zama shaida. Littattafan Sada ne, da hannunsa ya kwafe su, ya bar mini ajiya ranar da za mu rabu. Kullum ina roƙon Allah kar in mutu da amanar nan a wuyana. Ga magajinsa ya zo. Abubakar, karɓi gadon ubanka."

Ya ɗora masa a cinya.

Wayyo, 'ya'yan nan. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Labo ya gode mata.

Ƙanshin fatar nan irin na bukkar Malam Sada ne. Ya rungume ta, hawaye na zuba, jama'a na cewa Allah sarki, maraya ya tuna uba. Ba su san uban da ya tuna yana nan da ransa ba. Ɗanasabe, Sarkin Noman unguwarsu, wanda bai taɓa hana shi salla ba. Abin da kawai ya ce ranar da Labo ya musulunta shi ne, "Malam ya ɗauki kanka, ni dai ka bar mini hannunka a gona." Ga shi hannun ma ya gudu da shi.

Kuma su a gidansu ba haka ake yi da kayan mamaci ba. Ya tuna ranar da wansa Maikuɗi ya mutu, aka bar Labo shi kaɗai namiji. Uban bai yi kuka ba. Fartanyar Maikuɗi ya ɗauko, ya buga ta a dutsen gindin rumbu har ƙota ta rabu da ƙarfe. Ƙotar aka binne tare da shi, ƙarfen aka mayar wa maƙeri. Daga ranar ba a ƙara kiran sunansa a tsakar gida ba.

"To a ba ni hanya, masu ilmi, kar in zubar muku a rawani!"

Gwaggo Hajo ce, yayar Malam, tsohuwar da ke riƙe da cikin ɗalibai. Ta shigo da ƙatuwar ƙwaryar fura, ludayi na yawo a kai.

"Sababbin ne waɗannan? Kai, wannan mai shuɗin hannu kar ya taɓa mini ƙwarya sai ya wanke."

"Gwaggo, ko na wanke haka yake," in ji Mudi.

"To sha da baki kamar ɗan maraƙi." Ta dire ƙwaryar. "Malam, akwai wani tsoho a waje tun ɗazu, ya jingina da bangon zauren nan, da damin dawa. Na ce ya shigo, ya ce ba sauri yake ba, sai kun gama."

"Masu kawo sadakar kaka ne. A ce ya ɗan ƙara haƙuri."

Labo bai ma ji ba, kunnensa ya toshe da abin da ke cinyarsa.

"Abubakar zai fara," in ji Malam. "Yau shi ne babban baƙona."

Gwaggo ta miƙa masa ludayi.

To ku tsaya in gaya muku wani abu. A gidan su Labo, ba a shan ludayin farko. Ko kunu ne, ko fura, ko ruwan rijiya, sai an ɗan karkata hannu an zuba wa ƙasa, an ce wa iskokin gida su sha. Yaro tun bai iya tafiya ba ake kama hannunsa ana karkata masa. Malam Sada ya raba Labo da giya, ya raba shi da rantsuwa da ƙarfe, ya raba shi da yanka a gindin tsamiya. Wannan ma ya yi ta faɗa har ya zaci ta fita. Amma abin da ke cikin wuyan hannu ba ya jin wa'azi. In hankali na nan yana tsaronsa, lafiya lau. Yau kuwa hankalin ya tafi bayan Dayi.

Ya ɗebo.

Hannu ya karkata.

Farar fura ta zuba a jan daɓen zaure.

"Ku sha," ya ce a hankali.

Sai da ludayin ya kai bakinsa sannan ya ji abin da ya faɗa.

"La'ilaha illallahu!"

Bature ne ya miƙe tsaye, yana tafa hannu.

"Na tuna! Wallahi na tuna! Tun a hanya nake cewa na san fuskar nan!"

"Zauna, Bature," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ka ga abin da ya yi? Kun gani?"

"Ƙuda ne," in ji Labo. "Ƙuda ne ya faɗa ciki, na zubar."

"Ƙuda? Kai jama'a! Yaushe aka fara ce wa ƙuda *ku sha*? Ƙudan sarauta ne?"

Wasu suka fashe da dariya.

"Malam, ni da jakunan babanmu ba unguwar Maguzawan da ban shiga ba a bayan Dayi. Haka suke yi, sai sun shayar da dodanninsu kafin su sha. Wannan kuwa a gidan Ɗanasabe Sarkin Noma na san shi. Shi ya sauke mana gishiri bara waccan, daga shi sai warki. Labo ake ce masa! Ku dubi tafin hannunsa, wannan kantar ta alƙalami ce?"

Labo ya dunƙule hannu.

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah," in ji Gwaggo Hajo. "Daga zubar da fura sai tonon asiri? Ni nawa nake zubarwa a rana?"

"Gwaggo, kina ce wa ƙasa ta sha?" in ji Bature.

Gwaggo ta ja ƙwaryarta gefe.

Malam Aƙilu ya ajiye tasbaharsa. Da ya yi haka, tsofaffin ɗalibai suka san wasa ya ƙare.

"Bature, na ce ka zauna. Ko da ɗan Bamaguje ne, sai me? Kai ka zaɓi cikin da ka fito? Kakan kakanka da kake jero mana ɗazu, ka tabbata da carbi aka haife shi?"

Bature ya zauna yana ƙunƙuni.

Malam ya juyo. Bai ɗaga murya ba.

"Abubakar, dube ni."

Labo ya ɗago da ƙyar.

"Zan buɗe maka ƙofa, ka shiga da ƙafarka. In kai ɗan Maguzawa ne, faɗa mini yanzu. Wurinka na nan a zauren nan, ba mai taɓa shi, wanda ya yi maka gori ni ya yi wa. Littattafan ne kawai ba naka ba, sai ka mayar. Amma ka sani, mutum ɗaya ne ba ya zama a gabana: wanda na ba shi damar gaskiya ya ƙi karɓa. Kai ɗan wa ne?"

Kun ji fa. Ƙofa a buɗe, har an ɗage masa asabari.

Ni da nake ba ku labarin nan, da ina wurin da na mintsine shi na ce, faɗi, ɗan nan, faɗi ka huta.

Amma ya waiga. Ya ga idanu. Ya ga wani a jikin bango ya karkata hannu yana kwaikwayonsa, na kusa da shi na danne dariya. Ya ga Bature ya harɗe hannu yana jira. Ya ga shekarun da zai yi a garin nan ana kiransa Ku-sha, in ya yi limanci a ce Ku-sha ne a gaba, in ya yi aure a ce matar Ku-sha. Ya ga hawayen da tsohon nan ya zubar ɗazu saboda shi. Ya ƙanƙame gafakar.

"Ni ɗan Malam Sada ne."

"Ka tabbata?"

"Ƙarya yake!" in ji Bature. "A tambaye shi Ɗanasabe!"

Sai Labo ya ji wani abu ya taso masa tun daga ciki, ya ɗaga murya, har ta fita ta ƙofar zaure.

"Ban san wani Ɗanasabe ba! Me ya haɗa ni da arna masu warki? Ubana ya mutu! Ni na binne shi da hannuna!"



Sai aka yi tari a bakin ƙofa.

Ɗan gajeren tari ne, busasshe, irin na wanda ya daɗe yana shaƙar ƙaiƙayin dawa. Ba wanda ya kula da shi sai mutum ɗaya. Labo ya san tarin nan tun yana goye. Da shi ake tashinsa zuwa gona.

Inuwa ta rufe ƙofa.

Dogon tsoho ne, ƙasusuwan kafaɗa a waje, warki a ƙugu, ƙafafu sun yi furu-furu da tafiya. Ya jawo damin dawa ya jingina a bakin ƙofa, dami irin wanda samari biyu ke ɗagawa. A kafaɗarsa akwai fartanya a rataye. Bai shigo ba, ya durƙusa daga waje.

"Sannunku da hutawa. Ranka ya daɗe, Malam."

"Sannu, Baba. Daga ina?"

"Daga bayan Dayi."

"Da wannan damin? A ka?"

"Ai ba nauyi."

Bature ya yi tsalle.

"Alhamdu lillahi! Ga shi Allah Ya kawo! Baba, ba kai ne Ɗanasabe Sarkin Noma ba?"

"Ni ne, ɗan mai gishiri. Ina babanka?"

"Yana lafiya. Baba, dubi wancan na gefen Malam. Wane ne?"

Tsohon ya juya ido a hankali.

Ya dubi rigar da ke jikin Labo. Ya dubi gafakar da ke cinyarsa. Ya dubi inda aka zaunar da shi, gefen buzun babban malami, sama da kowa. Sannan idonsa ya sauka a kan farar furar da ke daɓe, ya daɗe a nan.

Labo ya kawar da kai.

"Baba," in ji Malam Aƙilu, "ka san yaron nan?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Ɗan wa ne?"

"Ɗan Malam Sada ne."

"Kai Baba!" in ji Bature. "Ka ji tsoron..."

"Ɗan mai gishiri, na girmi ubanka. Ina da yaro mai kama da wannan, shi ka gani. Malam Sada maƙwabcina ne, ni na ba shi wurin bukka. Ya bar 'yar gona, na girbe, na ce bari in kawo wa ɗansa. An ce mai karatu ba ya samun sukunin neman abinci. Kar ya ci na mutane, a yi masa gori."

Dawar nan Labo ya gane ta. Kaura ce, jar nan ta gonar fadama, wadda uban ba ya bari a taɓa sai iri.

"Allah Ya saka maka, Baba," in ji Gwaggo Hajo, muryarta ta yi sanyi. "Shigo ka sha fura mana, ka sha hanya."

"A'a, uwar gida. Irinmu ba ma shiga inda ake karatu."

"To fartanyar fa? Ita ma tasa ce?"

Tsohon ya sauke ta daga kafaɗa, ya juya ta a hannu. Ƙotar ta yi sumul don riƙo. Shi ya sassaƙa ta da kansa shekarar da Labo ya isa shiga gandu, ya auna ta da tsawon hannun yaron.

"Na ji an ce masu karatu kan yi wa malaminsu noma in damina ta faɗi. Na ce kar a ba shi aron wadda ba ta san hannunsa ba." Ya yi ɗan murmushi. "Amma na ga kuskure na yi. Ba tasa ba ce. Ta yaron nan nawa ce."

Akwai wani dutse a bakin zauren, inda ake goge ƙafa.

Tsohon ya juya fartanyar, ya buga.

Ƙwas.

Ɗalibai suka dubi juna. Su a ganinsu tsoho na gyaran fartanya ne.

Ƙwas.

"Baba, za ka ɓata ta," in ji Mudi.

Ƙwas!

Ƙarfen ya fita, ya yi ƙara a ƙasa. Tsohon ya ɗauka ya jefa a burgamensa, jakar fatar da ke gefensa, ya saƙale ƙotar a hammata, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Na bar ku lafiya, ranka ya daɗe. A riƙe shi da kyau. Yana da ƙoƙari, sai dai ba ya son a yi masa dariya."

Ya juya.

"BABA!"

Ba Labo ne ya yi niyya ba, ƙirjinsa ne ya tsage. Ya zabura, gafakar ta zame daga cinyarsa, Mudi ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa.

"Baba, tsaya! Ni ne! Baba, don Allah mayar da ita!"

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Bature ma ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Aƙilu. Ya rufe ido, ya daɗe, kamar wanda aka yi wa rasuwa sabuwa. Da ya buɗe, bai dubi Labo ba.

"Mudi, mayar da gafakar nan maratayinta."

"To, Malam."

"In ka gama, ka naɗe tabarmar da ya zauna."

"Haba Malam," in ji Gwaggo Hajo, "yaro ne fa, tsoro ne..."

"Yaya, na buɗe masa ƙofa a gabanki."

Labo ya ji, sarai ya ji. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ya waiga ya ga Mudi na naɗe tabarma da shuɗin hannunsa, yana kuka. Ya duba gaba ya ga bayan ubansa ya kusa shan kwanar rumbuna.

Ya ruga, ba takalmi. Ya cim masa a gindin wata ɗorawa, ya zube, ya rungume ƙafafun nan masu faso.

"Baba, na tuba. Ka doke ni. Ka tsine mini ma, amma ka mayar da ƙotar nan. Zan bi ka gida yanzu, zan yi noma, ba zan ƙara..."

Tsohon bai fizge ba, bai kuma sunkuyo ba. Ya tsaya yana kallon hanyar Dayi, ƙotar na hammatarsa.

"Sake ni, ɗan Malam," ya ce a hankali. "Sauri nake. Uwar Labo ba ta ji mutuwar ba tukuna."